Kyamara Mai Salatif da Zanen Zumuntar Mata

Akwai wani mutum mai sana'ar tsara hotuna da rubutu a kwamfuta. Shi ke yi wa mutanen garinsu kalanda da katin biki da fosta, kuma yana ji da aikinsa ƙwarai. Sai dai ba shi da kyamara, da wayarsa yake ɗaukar hoto.

Wata shekara matan zumunta na ikkilisiyarsu suka ba shi aikin babbar fostar da za su kai taron gunduma. To, kun san matan zumunta da zanensu. Nasu kore ne mai duhu kamar ganyen kuka, kuma da shi ake gane su tun daga nesa. Da aka buga fostar, sai koren ya fito shuɗi-shuɗi, ya koma kamar zanen matan ƙauyen da ke ƙetaren rafi. A wurin taro aka yi ta tsokanarsu, ana tambaya ko aron zane suka yi.

Da shekara ta kewayo, shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Mama Briskila, ta zo shagonsa. Ta ce, "Ɗana, mata sun ce a kai aikin birni. Ni ce na roƙa maka. In ka sāke canza mana zane, ba ni da bakin da zan ƙara roƙo."

Ya ce, "Na ji, Mama. Ba zan ba ki kunya ba."

Mutumin ya tattara ɗan abin da yake da shi, ba yawa, ya ari ɗankwalin zumunta na matarsa, ya tafi kasuwar kayan lantarki. Mai shago ya ciro masa wata sabuwar kyamara tana walƙiya, ya ce, "Maigida, ga daidai kuɗinka. In ka rataya wannan, kowa ya san mai hoto ya iso."

Gaskiya ta shiga ransa. Har ya ga kansa yana ratsa filin taro da ita a wuya. Amma a can ƙasan kanta ya hango wata ta hannu, jikinta duk ƙarce, an naɗe murfin batirinta da salatif. Ya duba idonta, wato gilashin gaba, ya ga garau yake. Kuɗinsu kuwa kusan ɗaya.

Ya shimfiɗa ɗankwalin a inuwa, ya ɗauke shi da kowacce. Mai shago ya ce, "Duba bayan sabuwar, ka ga yadda hoto ya yi kyau!"

Mutumin ya ce, "Ni ba a bayan kyamara nake cin abinci ba, a kan takarda ne."

Ya je shagon buga hoto da ke kusa, aka buga masa duka biyun da girma, ya ɗora ɗankwalin a kansu. Sabuwar ta ƙara wa koren gishiri, ya yi haske kamar ɗanyar ciyawa, gefen furannin zanen kuma ya dusashe. Tsohuwar ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya sayi tsohuwar.

Ranar ɗaukar hoto mata suka jeru a gaban majami'a. Da ya fito da kyamarar, wata ta ce, "Wayyo, wannan ai daga asibiti aka sallamo ta!" Aka kwashe da dariya. Abin ya yi masa zafi, amma ya ci gaba da aikinsa.

Da aka rataya fostar a filin taro, Mama Briskila ta tako a hankali, mata na biye da ita. Ta kama bakin zanenta ta manna a jikin fostar. Aka duba, aka rasa inda zane ya ƙare, inda hoto ya fara. Sai ta juya ta rangaɗa guɗa, ta ɗaga hannun mutumin sama tana cewa, "Ku zo ku ga aikin ɗanmu! Ɗan ikkilisiyarmu ne!" Ranar ya yini yana zagaya fili da kyamararsa a ƙirji, salatif a waje, bai ɓoye shi ba ko kaɗan.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kyamarorin nan biyu mu ne. Jikin kyamara shi ne abin da mutane ke gani a kanmu: sutura, muƙami, iya magana. Idonta kuwa zuciya ce. Akwai mai walƙiya wanda yake ƙara wa magana gishiri domin ta yi daɗin ji, akwai kuma mai ƙarce a jiki wanda yake faɗin abu yadda yake. Babbar takardar nan ita ce ranar gwaji, sa'ad da Ubangiji zai ɗora gaskiya a kan aikin kowa.

Saboda haka, kai da rayuwa ta naɗe da salatif, kai da abin hannunka kaɗan ne, kada ka sunkuyar da kai. Ka tsare zuciyarka garau. A ranar nan Ubangiji zai ɗaga hannunka a gaban taro, ya ce, "Wannan nawa ne."