Gatarin Tabawa

Kai Sabi'u, wace irin tambaya ce wannan? Tun la'asar kana jan guga kana zuba wa dashen nan na bakin rijiya, sai yanzu da ka ci tuwo ka ƙoshi za ka tambaye ni wai wahalar me muke yi wa itacen da ba namu ba? Wa ya ce maka ba namu ba ne? Kai da nake kira maigidana a gaban mutane, ashe kan naka hula kawai yake ɗauka. A zamaninmu yaro ba ya tambayar babba dalili, aikin yake yi, dalilin ya same shi a hanya. Amma tunda bakinka ya riga hankalinka, matso. Ke Tasalla, bar wasa da fitilar nan ki zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

An ce wani sarki ya gaji ƙasa mai faɗi, wadda kakanninsa suka bar masa da duhuwar daji, har ana cewa biri yakan tashi daga ƙofar gari ya kai gulbi bai taka ƙasa ba. Kafin gemun sarkin ya yi furfura, dajin ya ja da baya. Mata suka koma hura wuta da kara da kashin shanu. Iska ta riƙa kwaso rairayi tana binne shuka, manomi ya shuka gero, ya sake shukawa, kafin ya ga tsiro ya tsaya.

Sarkin nan ba azzalumi ba ne, ku riƙe wannan. Mutum ne mai tsoron Allah, mai son itace kamar yadda wasu sarakuna ke son doki. Da abin ya dame shi, sai ya sa aka yi shela kasuwa-kasuwa: duk itacen da ya kai tsawon mutum a tsaye, a daji yake ko a gona, ya zama na sarki. Wanda ya sare shi, ko ya karya masa reshe, gonar da itacen yake ciki ta fita daga hannunsa. Ya naɗa Sarkin Daji, ya ba shi dogarai. Waziri ya yaba, malamai suka sa albarka, kowa ya ce an yi maganin abin.

Shekaru suka shuɗe. An karɓe gonaki ba kaɗan ba, ba a kuwa yi wa kowa ƙage ba, da reshe a hannu aka kama duk wanda aka kama. Amma ƙasa sai ƙara tsiraici take yi. Manyan itatuwa suna mutuwa da tsufansu, babu na baya masu tasowa. Sarki ya sa aka yi dashe a gefen hanyoyi, aka yi kiɗa, kowa ya koma gidansa, kafin kaka awaki sun gama da shi. Dashen da ba shi da uwa ai abincin akuya ne, ko ni da ban taɓa shiga aji ba na san wannan.

Wata shekara a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka dutse, sarki yana dawowa daga rangadin kan iyaka. Suka tarar rijiyar da suka dogara da ita ta ƙafe, sai jagora ya ratse da su ta bayan wasu duwatsu, hanyar da doki ba ya bi sai an ja shi. Da suka hau tudun ƙarshe, dokin sarki ya tsaya da kansa.

Kwari ne a ƙarƙashinsu, kore shar. Gawo ya shimfiɗa rassa bisa gonaki, cike da ganye a lokacin da komai ya bushe. Ga tsamiya, ga kanya, ga ɗorawa, ga kuka tsaye a tsakaninsu kamar dattijai a majalisa. Shamuwa na sheƙa, kurciya na kuka ta ko'ina, wata iska mai sanyi ta taso ta daki fuskokinsu da ƙamshin ɗanyen ganye. Rabon sarki da wannan ƙamshi tun yana goye a bayan mai renonsa. Ya sauka daga doki ba tare da an riƙe masa likkafa ba, ya yi tasbihi a hankali. Fadawan da aikinsu ke nan ɗaga murya, babu wanda ya iya buɗe baki.

Cikin wannan shirun sai aka ji saran gatari.

Dogarai suka gangara, suka dawo da wata tsohuwa 'yar ƙarama, busasshiya kamar kara, ana ce mata Tabawa. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, amma ta ƙi sakin gatarinta. Mutanen ƙauyen, wanda ake kira Kwarin Kanya, suka biyo ta suka zube. Sarkin Daji ya ce da hannunta a kan reshe aka kama ta, kuma babu gona ɗaya a kwarin da ba a ga tabon sara a itacenta ba. Bisa doka, kwarin gaba ɗaya ya fita daga hannun masu shi.

Sarki ya tambaye ta ko dokar ba ta iso su ba. Ta ce ta iso, fatake ne suka kawo labarinta, dogarai ne dai ba su taɓa hawo duwatsun ba. Dattawan ƙauye kuwa suka ce a ci gaba da abin da aka gada, ranar da sarki ya zo a gaya masa gaskiya.

Ta ce, "Ga shi ka zo, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ya ce kafin hukunci a nuna masa yadda aka yi kwari ya zama haka. Ta kai shi gindin wata tsamiya kusa da rijiya, inda aka kewaye fili da shingen ƙaya. A ciki, fasassun tuluna ne da tsofaffin ƙorai jere, kowanne da ƙasa da taki, kowanne da ɗan tsiro. Ta ce irin gawo daga turken awaki suke tsinto shi, domin wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin fitowa. Ban ruwa gida-gida ne, babu mai tsallake ranarsa. Wanda ya ɗauki dashe ya shayar da shi har ya tsallake raninsa na fari, namiji ne ko mace, shi ne mai shi, shi da 'ya'yansa. Idan aka yi haihuwa kuwa, inda aka binne cibiyar jariri a nan ake dasa masa nasa. Suna tafe tana nunawa da ƙotar gatari: wannan kanyar Korau ce, waccan tsamiyar Dije ce, ta daɗe da rasuwa, jikokinta ke shan kununta. Saran da aka kama ta tana yi kuwa, ƙananan rassan gefe take ragewa don babban ya miƙe sama, abin da ya faɗo shi ne makamashinsu.

Sarki ya dubi kwarin, ya dubi gatarin. Can ya ce, "Ya ke wannan tsohuwa, kin sa ni tsaka mai wuya. In na bar muku kwarin nan, na zalunci waɗanda na karɓe wa gona a kan reshe guda. In na karɓe shi, na rushe abin da ni da mulkina muka kasa ginawa."

Ta ce, "Ya sarki, kafin ka yanke, ba ni amsa. Mene ne ya cinye dajinka? Ba shi da haƙori, ba ya jin ƙishirwa, a gidanka aka haife shi, kuma ba ya cin babban itace, sai jariri."

Sarki ya ce akuya. Ta ce akuya na da haƙori, ga su nan birjik a kwarin, ba su cinye shi ba. Ya ce fari. Ta ce samansu ɗaya da na bayan dutse, ruwan da ya ƙi can bai zubo nan ba. Waziri ya sa baki ya ce to gatari ne. Ta ɗaga nata, ta ce wannan ƙarfen ya girmi waziri, kuma a cikin itatuwan nan ya yi tsufansa. Sarki ya ce ya ba ta gari. Ta ce amsar ba ta dace da bakinta ba, tana can bayan dutse, amma ba za ta fito ba in ta ga rawani da alkyabba.

Da gari ya waye sarki ya sa rigar talakawa, ya bi tsohuwa a ƙasa, waziri na biye daga nesa. Suka tsallake duwatsu suka faɗa gonar farko ta ƙasar da doka ke aiki. Lokacin sassabe ne, ana share gonaki kafin ruwa ya sauka. Suka tarar da wani manomi, Nomau, ya sare wani ɗan gawo da ya kai masa ƙirji, ya tara kara a kan kututturen, ya kunna wuta. Sarki ya yi sallama kamar matafiyi, ya tambaye shi laifin da ɗan itacen ya yi masa.

Nomau ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baƙo, da gani kai ba manomi ba ne. Bai yi mini laifin komai ba. Ni na fi kowa sanin geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Amma bana nawa ne, domin bai kai tsawona ba. Baɗi na sarki ne. Ranar da ɗana ya karya reshe don ya kora akuya, ranar gonar ubana ta tafi. Gara gona babu inuwa da inuwa babu gona."

Sarki ya tambaye shi ko shi kaɗai ke yin haka. Nomau ya yi dariya, ya ce ko limaminsu haka yake yi. Ya ce abin da ke ba shi tausayi, kowace shekara sai wannan kututturen ya sake toho, kowace shekara sai ya sake ƙona shi, ya rasa wanda ya fi wani taurin kai tsakaninsu.

Tabawa ta durƙusa ta tone rairayin gefen wutar da bakin gatari. Sai ga saiwa kamar cinyar ƙato, ɗanya, ta nutsa ƙasa ba a ga ƙarshenta ba. Sarki ya ɗaga kai ya dubi filin har iyakar ganinsa. Daga kowace gona hayaƙi ne ke tashi, siriri, a miƙe, nan da can da can, ba ya ƙirguwa. A nan ya gane ƙarƙashin kowane hayaƙi itace ne, dajin kakanninsa yana nan da ransa a cikin ƙasa, kowace shekara yana ɗago kai, kowace shekara tsoron dokarsa yana mayar da shi.

Ya zauna a kan kunyar gonar. Ya ce, "Iya, na sami amsar. A gidana aka haife shi, da bakina na raɗa masa suna."

Ya tashi ya watsa wutar da ƙafarsa. Waziri ya iso ya faɗi ya yi gaisuwa, sai a nan Nomau ya san da wa yake magana, ya zube yana neman afuwa. Sarki ya ce ya kwantar da hankalinsa, tun da ya hau gado ba a taɓa gaya masa gaskiyar da ta kai tasa ba. A tsaye a gonar ya warware dokar. Ya ce itace na wanda ya rene shi ne, ya sare reshensa, ya ci 'ya'yansa, ya bar wa magadansa. Kwarin Kanya na masu shi ne. Duk gonar da aka karɓe a kan reshe a mayar wa mai ita, a kuma nema wa sarki gafarar mai gonar.

Ya so ya tafi da Tabawa birni ya ba ta sarauta. Ta ce ranar ban ruwan gidansu ta kusa, ba mai yi mata. In dai yana so, kowane ƙauye ya aiko da mutanensa su ga yadda ake reno, su koma su kafa nasu shingen a bakin tasu rijiyar. Ya roƙe ta dashe ɗaya ya kai fada. Ta tambaye shi wa zai shayar da shi, ya ce akwai bayi.

Ta ce, "To, na bawan ne ke nan, ya sarki."

Sarki ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu biyu ya karɓi fasasshen tulun, ya ce shi zai ja gugan.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Babu wanda ya ƙara kunna wuta a kan kututture. Sai ƙasa ta fara buɗe baki. Inda ba a dasa komai ba, gawo ya fito, kalgo ya fito, aduwa da magarya suka fito, domin saiwar da ta daɗe tana shan ruwan ƙasa ba ta jiran kowa. Inda saiwa ta mutu, dashen bakin rijiya ya cike gurbin. Yaran da aka haifa a fili fetal suka yi aure a inuwa. Matafiya suka riƙa tsayawa suna tambaya wane sarki ne ya dasa wannan daji, a ce musu babu wanda ya dasa shi, sarki hannunsa kawai ya ɗauke daga kansa. Ikon Allah ke nan, ku yi shiru ku ji shi.

An ce har ya bar duniya, duk alƙalin da ya naɗa sai ya ce masa: "Dokar da ta raba mutum da guminsa ta fi gatari kaifi. Abin da tsoro ke gadi ƙarewa yake yi, abin da adalci ya bar wa mai shi shi ke toho."

To, ya isa. Tasalla, ɗauki ƙaninki, ya yi barci a kan ƙafata har ta sage. Ku kakkaɓe tabarma kafin ku kwanta, ku yi addu'a, ku rufe ƙofa da kyau. Duk wanda na ƙara jin muryarsa, shi zai daka geron kunun safe. Ku tashi.