Manomin Da Ya Ƙona Rumbunan Garinsu

Akwai wani manomi mai suna Nomau, gonarsa tana hayin kogi, daura da wani gari mai ganuwa. Mutum ne mai ƙwazo. Kowace kaka dammunansa sun fi na kowa yawa, amma da aka tashi naɗa Sarkin Noma sai aka tsallake shi aka naɗa wani. Abin ya zauna masa a zuciya, shekara bakwai yana cinsa.

Ana nan sai sarkin garin ya rasu, ya bar 'ya'ya biyu maza, Kwasau babba da ƙaninsa Barmo. Masu zaɓen sarki suka rabu biyu. Kwasau ya yi sauri ya shige fada, ya sa aka rufe ƙofofin gari. Barmo kuwa ya kwashi mutanensa ya haye kogi, ya kafa sansani a tudun da ke bayan gonar Nomau. Wata uku suna gwabzawa. Sau huɗu Barmo yana kai hari, sau huɗu ana koro shi da ruwan kibau, yana barin gawawwakin mutanensa a gindin ganuwa.

Wata safiya Nomau yana gyaran shinge, sai ga Barmo a kan doki. Ya sauko, ya tako da ƙafarsa har cikin gona.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba Nomau."

Nomau ya zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, ashe ka san sunana?"

"Wa bai san ka ba? Na kuma san abin da aka yi maka. Ran da na hau gadon ubana, da hannuna zan naɗa maka rawanin nan."

Tun da aka haifi Nomau wani ɗan sarki bai taɓa kiransa Baba ba. Daɗi ya cika shi, bakinsa ya buɗe. Ya faɗa wa Barmo cewa kowace shekara yana cikin masu gyaran ganuwa bayan damina, saboda haka ya san wata kafa a yammacin gari inda ruwan sama yake fita. Ƙaya ta rufe ta, ba mai tsaronta, kuma tana ɓullewa daidai bayan rumbunan jama'a.

Barmo ya ce, "Garin da ba abinci ba ya riƙe ƙofa. Kai za ka ja gaba."

Da Nomau ya koma gida ya ba matarsa Kande labari, sai ta ajiye taɓaryar da ke hannunta.

Ta ce, "Maigida, wannan faɗan 'ya'yan sarki ne, nono ɗaya suka sha. Kai mene ne naka a ciki? Ka manta 'yarmu Tabawa tana aure a garin nan, hatsin mijinta yana cikin rumbunan?"

Ya ce, "Hatsi ne kawai. In na zama Sarkin Noma, rumbu biyu zan cika musu."

Kande ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka.

Bayan kwana uku, da tsakar rana, Barmo ya sa aka kaɗa gangunan yaƙi a ƙofar gabas. Mazan gari duka suka ruga can. Nomau ya ja mutum goma ta yamma, suka sare ƙayar, suka shiga da rarrafe. Da hannunsa ya kai wuta ga jinkar rumbu na farko. Rani ne, kome ya bushe, iska kuma ta taso. Kafin su fice wutar ta cinye rumbunan ta faɗa unguwar da ke kusa. Mijin Tabawa yana cikin waɗanda suka baro ƙofa suka zo kashe gobara, jinka ta rufto masa, bai fito ba.

Amma garin bai faɗi ba. Kwasau yana da rumbunansa a cikin fada, dakarunsa suka ci gaba da ƙoshi. Talakawa ne suka koma cin dusa da ganye. Da ruwan fari ya sauka, ba iri a gari, ba iri a hayi, gama mayaƙan Barmo sun cinye na ƙauyuka har da na Nomau.

Sai kawun 'ya'yan sarkin, ɗan'uwan mahaifiyarsu, ya zo daga wata ƙasa ya zaunar da su. Kwana biyu kawai aka yi ana magana. Aka daidaita a kan Kwasau ya ci sarauta, Barmo ya zama Galadima ya riƙe hayin kogi duka. Aka yi shela kowa ya hallara a ƙofar fada.

Nomau ya sa rigarsa ta saƙi wadda yake ajiya, ya tafi. A ransa yana cewa, Galadima ma ai yana da bakin da zai sa a naɗa mutum. Ya kutsa har gaba, ya ga Kwasau da Barmo a shimfiɗa ɗaya, suna shan fura a ƙwarya ɗaya, suna dariya.

Sai wata tsohuwa ta ɗaga murya daga cikin taro. "Kun shirya, mun gode. To, wa ya ƙona mana abinci? Wa ya ƙona mana 'ya'ya?"

Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya. Kwasau ya juya ya dubi ƙaninsa.

Barmo ya goge bakinsa, ya ce, "Yaya, ni gadon ubanmu na nema, ban nemi abincin talakawa ba. Wani manomi ne ya kawo wannan shawara saboda ƙullin da yake da shi, shi ya san kafar, shi ya sa wutar. Ga shi can ma."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne fa Baba Nomau."

Barmo ya tambayi na kusa da shi, "Haka sunansa yake?"

Dogarai suka kama Nomau, suka tuɓe masa rigar, suka yi masa bulala a gaban jama'a. Aka ƙwace gonarsa aka haɗa da gandun Galadima, aka ce kada rana ta faɗi yana ƙasar. A bakin kogi ya tarar da Kande ta ɗaure masa ƙunshin kaya. Tabawa tana tsaye a bayanta da kayan takaba, ta juya masa baya.

Ya ce wa Kande, "Taho mu tafi."

Ta ce, "Wa zai zauna da ita?"

Haka ya kama hanya shi kaɗai. Ya ƙare kwanakinsa yana ƙodago a gonakin baƙi. A can ne wata shekara fatake suka ba shi labari cewa ɗan Kwasau ya auri 'yar Barmo, an yi kwana bakwai ana biki.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yan sarkin nan su ne manyan duniya masu kokawa a kan mulki. Nomau kuwa ni ne da kai, duk ran da muka ba da hannunmu ga faɗan da ba namu ba. Ku lura, ba Barmo ne ya shuka mugunta a zuciyar Nomau ba. Ya tarar da ita ta shekara bakwai tana girma, ya kira ta da suna mai daɗi. Ƙullin da ka ƙi kawo wa Ubangiji ya warware, wani zai zo ya yi aiki da shi.

'Yan'uwa, kafar nan ta ganuwa ita ce asirin da ka sani don kai ɗan gida ne. Lokacin zaɓe yana zuwa, a ƙasa ko a majalisar ikilisiya, wani babba zai taka har ƙofar gidanka, ya kira ka Baba, ya kira ki Mama. Zai so ka faɗa masa inda ɗan'uwanka yake da rauni. Manyan za su shirya, sun saba. Kai ne za ka ci gaba da haɗuwa da gwauruwar a bakin rijiya.

Ba na cewa Nomau ba shi da laifi don an yaudare shi. An gargaɗe shi a cikin gidansa, hannunsa kuma ya riƙe wutar. Sarki ɗaya ne kaɗai na sani wanda, da aka zo neman mai laifi, bai nuna bawansa da yatsa ba, ya miƙa kansa a madadinsa, shi ne Yesu Almasihu. Shi za ku bauta wa. In wani ya zo muku da alkawarin rawani, kafin ku amsa, ku tambaye shi rumbun wa za a ƙona.