Gaisuwar da Maikano Ya Katse

Akwai wani ɗalibi a Wudil, Maikano sunansa, mai kaifin kai da saurin hannu. Labarinsa ya fara ne wata Litinin da hantsi, cikin damunar 1976, sa'ad da babbar mota ta sauke wani dogon akwati a ƙofar makarantar da ake koyar da ma'aikatan ɗakin shan magani.

Shekarun arzikin fetur ne, kaya sai shigowa suke daga ƙasashen waje. Da aka ɓalle akwatin sai ga mutum-mutumi na roba, tsawon babban mutum, ido a buɗe, baki a ɗan sake kamar mai shirin magana. An aiko shi ne don ɗalibai su koyi duba majinyaci da yin allura. Suka sa masa suna Baƙo.

Malamarsu, Sista Turai, ta kafa doka: ba mai taɓa Baƙo sai ya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, sannan ya yi shiru ya jira.

"Sista, roba ce fa," in ji Maikano. "Har iyalinsa zan tambaya?"

"Har su. Mutanenmu ko ciwo na cin ransu, lafiya lau za su ce maka. Sai gaisuwa ta ƙare suke faɗin abin da ya kawo su. Jiran nake koya muku."

Maikano ya haddace sunan kowane magani da awonsa. Amma da Sista ta ba da baya, sai ya soka wa Baƙo allura ba ko sallama. A haka ya saba da majinyacin da ba ya magana.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, layin majinyata a ɗakin shan magani ya miƙe har waje. Aka kira Sista wajen wata mai naƙuda. Ta ce wa ɗalibai su duba mutane, amma kada wanda ya taɓa sirinji sai ta dawo.

Wani dattijo ya shigo yana ɗingishi, Malam Labaran, manomi daga Indabo, da gyambo a ƙafa. Matarsa Barakatu na zaune a waje.

"Sannu Baba, ya jiki?"

"Lafiya lau, likita. Ina gajiya? Ya aiki? Ya mutanen gida?"

Maikano ya riga ya ga ƙafar, ya san allurar fanisilin take so. Ya kuma san ana fara gwada kaɗan a fata, don akwai jikin da ba ya karɓarta. Ya dubi layi, ya zuƙi magani.

"To madalla," in ji dattijon. "Sai dai..."

"Juya, Baba, mutane na jira."

Malam Labaran mutum ne mai kunya. Ya haɗiye maganarsa, ya juya, Maikano ya soka masa allurar.

Ba a jima ba leɓunansa suka kumbura, numfashinsa ya koma kamar fito. Sista ta shigo a guje da allurar da ke karya wannan, amma an makara. Kafin a kira sallar Juma'a, Malam Labaran ya cika, bakinsa a ɗan sake.

Barakatu ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi Maikano ta ce, "Malam bai faɗa muku ba? An taɓa yi masa irinta a birni, ya kumbura har ya suma. Tun daga gida yake cewa da sun gama gaisawa zai gaya wa likita."

Aka sallami Maikano daga makarantar.

Bayan wasu kwanaki, da tsakar rana, abokin karatunsa Bilya ya shiga aji ɗaukar kaya. Sai ya tarar da Maikano durƙushe gaban Baƙo, ya cire takalmi.

"Ina wuni, Baba? Ina gajiya? Ya mutanen gida?"

Ya yi shiru, ya kai kunne kusa da bakin robar.

"Maikano, tashi mu tafi."

"Yi a hankali, Bilya. Ya kai 'sai dai'. Saura kaɗan ya faɗa."

Bilya ya dubi fuskar Baƙo. Har ya tsufa yana cewa bakin nan ya fi yadda ya san shi buɗewa. Bai sake shiga ajin shi kaɗai ba.

Ga waɗanda suka rage bayan haka.

Sista Turai, wadda ta ci gaba da sa ɗalibai gaishe da roba har ta bar aiki.

Barakatu, wadda ta koma Indabo, ba ta ƙara taka ƙofar asibiti ba.

Bilya, wanda ya yi furfura a aikin, ana ta ƙorafin layinsa ba ya sauri.

Baƙo, a ɗakin ajiya, robar ta tsattsage, bakin a buɗe.

Sai Maikano, a bakin kasuwa. Yakan gaishe da duk mai wucewa, in gaisuwa ta ƙare ya riƙe hannunsa, yana jira.

Darasi: Sanin magani bai isa ba in ba ka saurari mai ciwo ba. Kada gaggawa da jin kai su sa ka katse mutum, don wata maganar in ka hana a faɗe ta yau, ba za ka ƙara jin ta ba. Ku tura wa duk wanda ran mutane ke ratsa hannunsa.