Katangar Alhaji Tanimu

An ce wai a garin Kwarin Ɗinya an yi wani hakimi, Mamman Sada, mai jinkirin magana da zurfin tunani. A zamaninsa aka jawo wa garin intanet ta waya guda, siririya kamar gashi, wadda haske ke gudu a cikinta. Daga ita aka rarraba wa gidaje, kowa da kasonsa daidai.

Ran nan Hassu ungozoma ta zo fada ranta a ɓace. Ta ce, "Ranka ya daɗe, jiya haihuwa ta zo wa wata da gardama. Ina nuna wa likitan birni halin da take ciki ta bidiyo, hoto ya tsaya cik. Allah ne kawai ya kuɓutar da ita. Alhali rabin gari suna gona, kasonsu na zaune a banza."

Hakimi ya tambayi injiniyan da ya ja wayar ko da dabara. Ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Na'urar da ke tushen wayar tana iya tambayar kowane gida abin da yake son aikawa, cikin ƙiftawar ido ta ba mabukaci abin da wani ya bari."

Jama'a suka yi na'am, sai Alhaji Tanimu dillalin fata ya ce, "Ni kam kada a taɓa mini kasona, ko barci nake."

Fadawa suka zaci za a tsawata masa. Amma hakimi ya ce, "Haƙƙinka ne, Alhaji. A katange masa nasa, kada kowa ya shiga. Amma kai ma ba za ka fito ka taɓa na kowa ba. Saura kuwa a haɗa, a bar wa kowa ɗan abin da ba ya yankewa, a sa asibiti gaba."

Alhaji ya tafi yana murna. Ba a jima ba wani babban mai saye daga ƙasar waje ya nemi ganin fatunsa ta bidiyo nan take. Hoto ya riƙa sarƙewa har mutumin ya gaji ya kashe. Ga kuma maƙwabcinsa tela yana nuna wa wata ɗinki ta waya, hoto tar.

Washegari Alhaji ya tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a rushe katangar nan."

Hakimi ya ce a rushe, bai ƙara masa ko kalma ba.

Haka abin yake: wanda ya kulle abin da ba ya amfani da shi don kada wani ya mora, ranar bukatarsa zai tarar kansa ya kulle.