Madubin da Ya Liƙa wa Bindigarsa

An yi wani mutum a nan Unguwar Boro, ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Ba zan kama sunansa ba. Yana da bindiga mai baki biyu da lasin ɗinta, kuma duk Asabar shi da abokansa sukan shiga dajin bayan Kamazou farauta.

Cikinsu akwai Yohanna, amininsa tun daga ƙauye, shi ne ma abokin ango ranar aurensa. Yohanna hannunsa ba ya kuskure. Ran Lahadi in an tashi sujada, hirar bakin majami'a ke nan: Yohanna ya kayar da gada, Yohanna ya kawo zabi. Mutumin nan yana dariya da baki, yabon kuwa zafi yake masa. Ya harba ya kuskure, ya sake ya kuskure, ya dawo gida da ƙaya a wando, ya huce a kan matarsa. Bai taɓa yarda cewa gaggawarsa ce ba. A'a, laifin bindiga ne.

Sai ya ji labarin madubin da ake ɗora wa bindiga, mai jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Ya tafi wurin Mamman, mai sayar da gwanjon kayan Turawan da suka gama kwangila suka koma gida. Mamman ya fito masa da biyu, ƙarami da babba.

Ya ce, "Oga, ɗauki ƙaramin, da shi idonka biyu a buɗe suke. Babban na bindiga mai harsashi ɗaya ne. Taka watsa ƙwaya take yi, ina ruwanta da shi?"

Ya 'yan'uwa, mai kaya da bakinsa yana hana ka sayen babba! Wane gargaɗi kuma ake jira? Amma mutumin nan ya leƙa babban, ya hango ƙusa a kan kwanon wani gida can ƙetaren titi, sai ransa ya yi fari. Har ya fara jin yadda za a daina zancen Yohanna. Ya saya. Bindigar ba ta da wurin ɗaura shi, ya kai wa mai walda ya liƙa masa.

Maharban nan suna da ƙa'ida. In an shiga ciyawa a jere ake tafiya, kuma ba ka taɓa kunamar bindiga sai ka ga na damanka, ka ga na hagunka. Mutumin nan ya san wannan sarai.

Asabar ta zo, lokacin kaka ne, ciyawa har ƙirji. Gada ta motsa a gabansu. Ya ɗaga bindiga, ya runtse ido ɗaya, ya manna ɗayan a madubi. Gada ta cika masa ido, har kaɗawar kunnenta yana gani, ban da ita ba ya ganin komai. Wani daga baya ya yi ihu, "Dakata!" Ya ji fa. Amma in ya dakata, Yohanna zai riga shi. Ya harba.

Gada ta tsere. Ashe Yohanna ya kewaye wani suri ne ya ɗan ɓullo gaba ta hagu. Ƙwayoyin dalma suka same shi a fuska.

A asibiti an ceci ransa, ba a ceci idanunsa ba. 'Yan sanda suka karɓe bindiga, aka tsare mutumin, kafin ya fito an ba wani gurbinsa a masaƙa. Yohanna ya aika masa cewa ya yafe, ya zo su gaisa. Ya kasa zuwa. Ya kwashe iyalinsa ya koma Mahuta, in ya hango ɗan Unguwar Boro sai ya sauya hanya.

Abin da ya nema kuwa ya samu. Har yau ba wanda ya sake cewa Yohanna ya fi shi harbi.

Ya 'yan'uwa, bakina ya gaji da faɗar wannan magana. Kada ku ce laifin madubi ne. Hassada ce ta je kasuwa ta zaɓe shi. Tana girmama maka abin da kake so har ya rufe maka ɗan'uwanka, a yi maka ihu ka ji, ka ƙi tsayawa. Kai da kake zaune nan, sunan wa ake yabo kana jin zafi? Na kusa da kai ne, na sani, don ba a hassadar baƙo.

Allah ya kiyaye mu da samun biyan bukata irin ta mutumin nan. Ya buɗe mana idanu mu ga na damanmu da na hagunmu. Amin.