Ɗamarar Tambari Baduku

Akwai wani baduku a Kaura Namoda mai suna Tambari, mutum ne marar yawan magana. Yana da wata sha'awa da ta bambanta da ta kowa: tara maɓallai da bajo-bajo na tsoffin sojojin da suka je yaƙin Bama da na basasa. In ya samo, sai ya goge su tas, ya ɗinke su a jikin wata faffaɗar ɗamara ta fata. Kakansa soja ne, daga maɓallan kakinsa ya faro.

Da ya ji labarin gidan wani tsohon soja, ko a Katuru ne ko Gurbin Bore, sai ya hau babur ya nufi can. Kun dai san yadda hanyoyin nan suke yanzu saboda 'yan bindiga, mai gona ma sai ya yi shahada.

Maƙwabcinsa Ashafa direba ya sa masa ido. Ashafa kuwa irin mutanen nan ne da in sun ga hayaƙi, sun riga sun ƙirga gidajen da suka ƙone. Ya shiga raɗa wa mutane a tasha cewa mai shiga daji ya fito lafiya, aljihu cike da kayan soja, ai ba sai an faɗi waɗanda yake yi wa aiki ba.

Magana ta bazu. Masu kawo gyaran takalmi suka ɗauke ƙafa. A masallaci, wanda ya tsaya kusa da shi sai ya matsa. Tambari ya ji zafin abin ƙwarai, amma ya ci gaba da harkarsa.

Ran nan matasa suka taso shi gaba har ƙofar mai unguwa, suna cewa a miƙa shi ga hukuma. Kowa ya san wanda aka tafi da shi da irin wannan zargi, ba a sa ran dawowarsa.

Aka shimfiɗa ɗamarar a tabarma. Tambari ya fara faɗin sunan mai kowane maɓalli da garinsu, Ashafa ya katse shi, wai suna ai kowa na iya ƙirƙira.

Ana cikin haka sai ga Nagoggo, mahaifiyar Ashafa, ta ratso taron da sandarta. Ta duƙa ta daɗe tana duba, sannan ta ɗora yatsa kan wani bajo mai hoton giginya.

"Wanga na ubana na," in ji ta. "Ni nib ba Tambari shi da hannuna, ran da ɗana Ashafa ya kwashe akwatin tsoho ya kai ma 'yan gwangwan suka auna. Shi kaɗai nis samu niɓ ɓoye."

Matasan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, Ashafa ya rasa inda zai sa idonsa.

Tambari ya zaro 'yar wuƙarsa zai warware ɗinkin, ya ce gadon gidansu ne, bari ya mayar wa jikan mai shi. Tsohuwar ta riƙe masa hannu.

"A'a, ɗana. Bar shi nan inda aka sanin sunan mai shi."

Darasi: Zato a irin wannan zamani yana iya cin ran mutum. Kafin bakinka ya ɗora wa wani laifi, je ka tambaye shi. Tura wa wanda ka san yana saurin yanke hukunci.