Kundin da Na Ɓoye wa Malamata

Shekara huɗu na yi a Scotland. Da na dawo unguwarmu Kwarbai na tarar ɗakina ya zama ma'ajiyar buhunan masara, abokina Sagiru ya yi aure ya koma Kaduna, yaran layinmu kuma ba su san ni ba. Halina ne kawai bai canja ba: ba na son a ga kasawata.

A shekarar ƙarshe a jami'armu, kowane ɗalibi yakan zaɓi batu ya yi bincike da kansa, ya rubuta kundi. Na zaɓi waƙoƙin masuntan arewacin Scotland. Malamar da aka ba ni don duba aikin ta aiko saƙo har sau biyar: "Suhaib, kawo abin da ka rubuta, ko shafi ɗaya ne." Ban je ba. Na ce a raina, mu a birni ba a zama gaban malami sai karatu ya zauna. Wata bakwai daga ni sai littattafai. Da sakamako ya fito, aka ce na maimaita abin da waƙoƙin suka faɗa ne kawai, ban kawo hujjar kaina ba. Na faɗi. Dama ɗaya ta rage mini, in na sake faɗuwa babu digiri.

A gida ban gaya wa kowa ba. Ƙanwata Huseina takan ce, "Yaya Bature, ina kwalin? Inna na son ta rataye shi." Sai in ce yana hanya, in fice in yi ta zaga lunguna ni kaɗai.

Bayan mako uku na je unguwar Limancin Kona wurin kawuna Malam Labaran, na zayyana masa komai. Na ce, "Kawu, ni ladabi na yi."

Ya ce, "Ladabi? Shekara talatin ina karantarwa a zauren nan. Wanda ya zo mini da karatu daidai, me zan ƙara masa? Kuskure ake kawo wa malami, ɗan nan. Kai dai ka ji tsoron jan biro."

Ranar na faɗa wa Inna gaskiya. Ta ce, "Allah ya kyauta gaba." Na tura wa malamata shafi uku, suka dawo jawur da gyara. Yanzu ina ninke rigunan sanyi, jibi zan koma Scotland.

Darasin shi ne, sau da yawa abin da muke kira kunya girman kai ne. Bincike da kanka ba ya nufin bincike kai kaɗai. Ka nuna aikinka tun yana ɗanye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.